Dreamland na Margate: Nazarin Wurin Shaƙatawar da Doka ta Kare, Kuɗin Gyara Ya Gagara

Margate gari ne a gaɓar teku a yankin Kent, kudu maso gabashin Ingila, wanda mutanen Landan suka daɗe suna zuwa hutu cikinsa, da farko ta jirgin ruwa, daga baya kuma ta jirgin ƙasa. Kusa da tashar jirgin ƙasan garin, daura da rairayin bakin teku, akwai wurin shaƙatawa mai suna Dreamland, wanda aka buɗe da wannan suna a 1920. A cikin shekaru ɗari da 'yan kai wurin ya sha sauya masu shi, ya sha gobara, ya yi shekaru a rufe, hukuma ta karɓe shi da ƙarfin doka, aka kashe miliyoyin fam aka farfaɗo da shi, sannan kamfanin da aka damƙa wa gudanar da shi ya faɗa cikin bashi kafin ya cika shekara guda da buɗewa. Wannan nazari ya bi tarihin wurin ne domin ya nuna abu guda: samun kuɗin gina wurin wasa ko na sake gina shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan samun kuɗin da za a riƙa kula da shi kullum, kuma dokar kare kayan tarihi tana iya hana a rushe abu, amma ba ta iya sa shi ya ci gaba da aiki.

Asalin wurin

Filin da Dreamland ke kai a da fadama ce mai ruwan gishiri. A shekarun 1860 wani kamfanin jirgin ƙasa ya gina tasha a wurin, amma bai sami izinin kawo layinsa har can ba, sai ginin ya zauna babu amfani, har aka mai da shi zauren kiɗa da raye-raye a 1867 da sunan Hall by the Sea. A shekarun 1870 wurin ya koma hannun George Sanger, shahararren mai yawon wasa da dabbobin dawa, wanda ya shuka lambu a bayan zauren ya kuma gina kejin zakuna da sauran namun daji. Kufan waɗannan keji suna nan har yau, kuma su ma an sa su cikin jerin gine-ginen tarihi. A zamanin Sanger ne aka fara kafa kayan hawa, cikinsu har da wani da tururi ke juyawa a 1880, wanda ke kwaikwayon tangaɗin jirgin ruwa a kan teku.

A 1919 John Henry Iles ya sayi wurin. Iles ya taɓa zuwa Coney Island da ke New York ya ga yadda Amurkawa suke tara kayan wasa iri-iri a fili ɗaya mai shinge, kuma daga can ya aro sunan Dreamland. A bazarar 1920 ya buɗe abin da ya zama ƙashin bayan wurin, wato Scenic Railway, jirgin katako mai hawa da gangara, wanda ya ɗauki mutane kusan rabin miliyan a shekararsa ta farko. A 1935 aka gina katafaren gidan silima mai kujeru sama da 2,000 a bakin titi, da doguwar hasumiya mai ɗauke da sunan wurin, wadda ake hangowa daga nesa. Iles ya karye a 1938, gwamnati ta karɓi wurin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har aka yi amfani da gine-ginensa wajen karɓar sojojin da aka kwaso daga Dunkirk da ke gaɓar tekun Faransa a 1940, kuma sai bayan yaƙin harkar wasa ta dawo.

Jirgin katakon da abin da yake buƙata

Wajibi ne a tsaya a kan Scenic Railway, domin duk rigimar da ta biyo baya a kansa take, kuma wanda bai fahimci yadda yake aiki ba ba zai gane dalilin tsadar kula da shi ba. Tsayinsa daga ƙasa zuwa sama bai wuce mita 12 ba, wanda ba komai ba ne idan aka kwatanta da jiragen ƙarfe na zamani. Abin da ya bambanta shi shi ne an gina shi a kan tsohon tsari, kafin a yawaita amfani da ƙafafun da ke kama layi ta ƙasa su hana jirgi tashi sama. Jirginsa yana tafiya ne a cikin wani kwarmin katako, ƙafafun gefe suna hana shi kauce wa hanya, amma babu abin da ke danne shi idan gudu ya yi yawa a kan tudu. Saboda haka akwai ma'aikaci, mai birki, da ke zaune a tsakanin taragun yana riƙe da sandar birki, yana rage gudu a inda ya kamata gwargwadon nauyin fasinjoji da yanayin ranar, domin layin da ruwan sama ya jiƙa ba ya amsa birki kamar busasshe. Igiyar ƙarfe ce ke jan jirgin zuwa ƙololuwar tudu, daga nan sai nauyinsa ya ci gaba da tafiyar da shi. Irin waɗannan jirage masu mai birki kaɗan ne suka rage a duniya, cikinsu akwai na Luna Park a Melbourne da aka buɗe a 1912, da na Tivoli a Copenhagen na 1914, da na Great Yarmouth a Ingila na 1932. Na Margate shi ne mafi tsufa a Birtaniya.

Ma'anar wannan ita ce lafiyar fasinja ta rataya ne a kan mutane biyu, kafinta da mai birki, kuma dukansu sana'a ce da ake koyo a hannu, ba a takarda ba. Katakon da ke tsaye a bakin teku yana shan iska mai gishiri da danshi duk shekara, yana kumbura da sanyi yana motsewa da zafi, kusoshi da notuna suna sassautawa saboda girgizar jirgi, ƙarafan layi suna cinyewa suna tsatsa, ƙasan ginshiƙai kuma yana ruɓewa daga inda ido ba ya gani. A wuraren da ake kula da irin wannan jirgi yadda ya kamata, ma'aikata suna taka layin da ƙafa kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, suna duba katako da kusoshi, sannan a zagaya da jirgin babu fasinja a ji ƙararsa. Da hunturu, lokacin da wurin ke rufe kuma babu ko kwabo da ke shigowa, shi ne lokacin babban aiki: a cire katakon da ya gaji a sa sabo, a warware taragu a duba ƙafafunsu da birkinsu, a sa mai, a yi fenti, sannan mai bincike mai zaman kansa ya zo ya duba ya ba da takardar shaidar shekara, wadda in babu ita ba a ɗaukar kowa. Lamarinsa kamar na gidan ƙasa ne da ake yi wa yaɓe kafin kowace damina: muddin ana yi, zai ga jikoki, amma in aka tsallake damina biyu ko uku, abin da za a tarar ya wuce gyara.

Wannan ya sa duk wanda ya ce jirgin na 1920 ne, gaskiya ya faɗa ta wata fuska kawai. Gobara ta ci wani sashensa a 1949, ta sake ci a 1957, kuma ko ba gobara, an yi ta sauya katakonsa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Abin da ya daɗe shi ne tsarin ginin da hanyar layin da ilimin tafiyar da shi. A ganina wannan ilimin ne ya fi kowane katako daraja, kuma shi ne ya fi saurin salwanta idan aka rufe wuri aka sallami ma'aikata.

Sauyin kayan wasa da raguwar baƙi

Daga shekarun 1960 zuwa 1970 hutun jirgin sama mai rahusa zuwa Sifaniya da makamantanta ya janye iyalan da a da suke kwana mako guda ko biyu a Margate, sai garin ya koma dogaro da masu zuwa da safe su koma da yamma. A daidai wannan lokaci manyan wuraren shaƙatawa na cikin ƙasa, irin su Thorpe Park da aka buɗe a 1979 da Alton Towers da ya fara kawo manyan jiragen ƙarfe a 1980, suka sauya abin da matasa ke tsammani. A 1981 iyalin Bembom daga Holan suka karɓi Dreamland, suka sa masa sunansu, suka kawo sabbin kayan hawa masu tsinka zuciya, cikinsu har da jirgin ƙarfe mai juya fasinja kai ƙasa da ake kira Looping Star, suka kuma sauya tsarin biya: maimakon a biya kowane lilo daban, sai a biya kuɗin ƙofa sau ɗaya a hau komai. Wurin ya cika da jama'a a shekarun 1980, aka kuma mayar masa da sunansa na asali a 1990.

Sai dai akwai bambanci tsakanin kayan Bembom da jirgin Iles, kuma bambancin ya bayyana daga baya. Kayan ƙarfe na zamani ana iya kwance su a loda a mota a sayar wa wani wurin wasa a wata ƙasa, saboda haka kadara ce mai tafiya da ƙafarta. Jirgin katako kuwa a kafe yake a inda aka gina shi, ba ya sayuwa, kuma ya mamaye tsakiyar fili. Bayan da ɗan kasuwa Jimmy Godden ya sayi wurin a 1996, manyan kayan hawan suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai filin da kansa, da yake a tsakiyar gari kusa da tasha, ya fi abin da ke kansa daraja a idon masu gine-gine. A farkon 2003 aka sanar cewa za a rufe wurin a mai da shi kantuna da wuraren kasuwanci.

Doka, gobara da ƙwace fili

Abin da ya tsaya wa wannan shiri a gaba ya faru ne shekara guda kafin sanarwar. A 2002 gwamnati ta sa Scenic Railway cikin jerin gine-ginen tarihi a mataki na biyu, kuma shi ne kayan hawa na farko a Birtaniya da ya sami wannan kariya. Nick Laister, masanin tsara birane, shi ne ya yi ruwa ya yi tsaki a wannan nema, daga baya kuma ya jagoranci ƙungiyar fafutukar ceto wurin mai suna Save Dreamland Campaign. A dokar Ingila, rushe ginin da ke cikin wannan jeri ko sauya fasalinsa ba tare da izini ba laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Amma dokar ba ta tilasta wa mai gini ya ci gaba da amfani da shi, kuma ko batun gyara, sai ƙaramar hukuma ta tashi tsaye ta aika takardar umarni ko ta yi gyaran gaggawa da kanta ta nemi a biya ta. Sakamakon haka shi ne masu filin ba za su iya rushe jirgin ba, ba kuma su da wani abin da zai sa su kashe kuɗi a kansa. A 2005 filin ya koma hannun wani kamfanin gine-gine, aka ɗan taɓa buɗe wurin na wucin gadi, jirgin ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 2006, daga nan aka garƙame ƙofa.

A ranar 7 ga Afrilu, 2008, wuta ta tashi a jirgin, kuma 'yan sanda sun ɗauki lamarin a matsayin gobarar da aka tayar da gangan. Wutar ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ginin, ta haɗa da ɗakin gyara da taragun da ke ajiye a ciki. Asarar taragun ta fi ciwo, domin ginshiƙai ana iya auna waɗanda suka tsira a yi irinsu, amma taragun sai da aka ƙera sabbi daga tushe. Duk da haka ba a cire jirgin daga jerin ba, a 2011 ma sai aka ɗaga darajarsa zuwa mataki na biyu mai tauraro, wanda gine-gine ƙalilan ne ke samu. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe gidan zane-zane na Turner Contemporary a ɗaya ɓangaren gaɓar, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa garin zai iya farfaɗowa ta hanyar al'adu da kayan tarihi.

Majalisar gundumar Thanet, wadda Margate ke ƙarƙashinta, ta yanke shawarar karɓar filin ta hanyar dokar saye na dole. Gwamnatin tsakiya ta amince a 2012, masu filin suka garzaya kotu amma ba su yi nasara ba, kuma a Satumba 2013 wurin ya dawo hannun majalisar. An tara kimanin fam miliyan 18 daga majalisar da gwamnati da kuma asusun kayan tarihi da ke samun kuɗinsa daga cacar ƙasa. Manufar ita ce a yi wurin wasa na tsofaffin kayan hawa, kuma tun kafin nan masu fafutukar sun yi ta kwaso lilo da injina daga wuraren wasan gaɓar teku da ake rufewa, kamar na Southport da na Rhyl, suna adanawa. Da dama daga cikin waɗannan ba a kai ga tayar da su ba, domin da aka zo lissafi an tarar cewa mai da tsohon inji ya dace da ƙa'idojin kare lafiya na yau yana cin kuɗi ƙwarai. Wannan kansa gargaɗi ne da ya kamata a saurara tun a lokacin.

Buɗewa da faɗuwa cikin bashi

An sake buɗe Dreamland a ranar 19 ga Yuni, 2015, bisa fasalin da mai zane Wayne Hemingway da abokan aikinsa suka zana, amma babu Scenic Railway. Aikin sake gina shi ya yi jinkiri, iska mai ƙarfi ma ta kayar da wani sashen sabon katakon a Disamba 2014, kuma sai a Oktoba 2015 jirgin ya fara ɗaukar fasinja. Wurin wasa na bakin teku a Ingila yana samun mafi yawan kuɗinsa ne a 'yan makonnin hutun makaranta na Yuli da Agusta, da su kuma yake ciyar da kansa har bazara ta zagayo. Kamfanin Sands Heritage, wanda aka ba gudanarwa, ya ci bazararsa ta farko yana karɓar kuɗin ƙofa alhali abin da mutane suka fi zuwa dominsa yana rufe. Kafin ƙarshen 2015 ya nemi sasantawa da masu binsa bashi, a Mayu 2016 kuma aka miƙa shi hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya yi wa katutu. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai ƙananan 'yan kasuwa da 'yan kwangila da suka yi aiki ko suka kawo kaya bisa amana, kuma wannan ɓangare ne na labarin da bai kamata murnar buɗewa ta rufe ba.

A nan ne tsarin tallafin ya nuna gazawarsa. Masu ba da kuɗin kayan tarihi suna biyan aikin da ke da farko da ƙarshe, wanda za a yanke ƙyalle a buɗe. Ba sa biyan albashin kafintoci a watan Janairu, ko inshora, ko wutar lantarki, ko katakon da za a sauya a shekara ta biyar da ta goma. An ɗauka cewa tikiti zai ɗauki wannan nauyi, alhali raguwar masu sayen tikiti ce ta kai wurin ga rufewa tun farko. Ban ga laifin masu fafutukar ba, domin ba don su ba da yanzu kantuna ne a filin. Amma da a ce tun wajen tara fam miliyan 18 ɗin an ware wani kaso an ajiye shi don gyaran shekara-shekara, ko da hakan zai sa a buɗe da ƙarancin kayan hawa, da jirgin bai dogara kacokan ga ribar duk wanda ya karɓi wurin ba.

Kamfanin zuba jari na Arrowgrass ne ya ceto lamarin, ya kashe kimanin fam miliyan 25, aka sake ƙaddamar da wurin a Mayu 2017 da sabbin kayan hawa da lambuna da babban dandalin kiɗa a fili. Daga nan alƙiblar wurin ta sauya. Taron kiɗa na dare ɗaya yana tara dubban mutane masu biyan tikiti mai tsada su kuma sayi abinci da abin sha, kuma dandalinsa ba ya buƙatar a duba kusoshinsa kowace safiya. Aka daina karɓar kuɗin ƙofa aka koma biyan kowane lilo daban, wato tsarin da Bembom suka soke a 1981. Annobar korona ta hana bikin cika shekara ɗari a 2020, majalisar Thanet ta sayar wa kamfanin gudanarwa da filin, sannan a 2023 wani kamfani mai alaƙa da Live Nation, wanda sana'arsa shirya tarukan kiɗa ce, ya karɓi ragama.

A Agusta 2024 wani sashen layin Scenic Railway ya lalace yayin da jirgin ke tafiya, aka dakatar da shi, kuma bai ɗauki fasinja ba a bazarar 2025. Hakan ya faru ne ƙasa da shekara tara bayan an sake gina shi da sabon katako da kuɗin jama'a. Jirgin yana nan tsaye a tsakiyar filin, doka ta hana a taɓa shi ba da izini ba, amma filin yanzu mallakar kamfani ne mai zaman kansa wanda babbar hanyar samunsa kiɗa ce, kuma majalisar da ta yi shari'a har ta karɓo wurin ba ita ce ke da ta cewa a kan ko za a kashe kuɗin da zai sa ya sake tafiya ba.